Masaƙar Ulu ta Watkins da Injinan da Ba a Taɓa Tumɓuke Su Ba

A gundumar Clay ta jihar Missouri a Amurka, kusa da ƙaramin garin Lawson da ke arewa maso gabas da birnin Kansas City, akwai wani bene mai hawa uku na jan bulo wanda wani manomi mai suna Waltus L. Watkins ya gina tsakanin 1859 da 1860, domin sarrafa gashin tumaki, wato ulu, ya zama zare da tufa da barguna. Masaƙar ta daina aiki tun ƙarshen ƙarni na 19, amma har yau injinanta, waɗanda suka haura 50, suna nan a ɗakunan da aka girka su, kuma masu kula da wurin suna bayyana ta a matsayin masaƙar ƙarni na 19 tilo a Amurka da ta rage da kayan aikinta na asali. Tsofaffin gine-ginen masaƙu ba su da wuyar samu a ƙasar, musamman a jihohin arewa maso gabas inda aka mai da da yawansu gidajen haya da ofisoshi, kuma tsofaffin injinan kaɗi da saƙa ma akan gan su jefi-jefi a gidajen tarihi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a tarar da ginin, da injinan, da hanyar da ƙarfi ke bi ya isa ga kowane inji, duk a haɗe kamar yadda ma'aikata suka tashi suka bar su.

Muhimmancin wannan haɗuwa ya fi yadda ake zato. Injin da aka ciro daga mazauninsa aka ajiye a zauren gidan tarihi yana nuna basirar wanda ya ƙera shi, amma ba ya nuna yadda aka yi aiki da shi: wane inji ne ke ba shi kaya, wane ne ke jiran abin da zai fitar, mutum nawa ne ke tsaye a kansa, daga wace taga haske ke zuwa masa, kuma idan ya tsaya wane sashe ne na masaƙar zai tsaya tare da shi. Masaƙar ulu jeri ce ta ayyuka fiye da goma da kowanne ya dogara da na gabansa, saboda haka sai an ga jerin a cike ake gane dalilin da ya sa mai ita ya sayi wannan inji bai sayi wancan ba, da kuma inda ribarsa da asararsa suke fitowa.

An haifi Watkins a jihar Kentucky a 1806, kuma ya koyi aikin injinan masaƙa tun yana saurayi kafin ya ƙaura zuwa garin Liberty a Missouri. A 1839 ya kafa gonar da ya raɗa wa suna Bethany, wadda a hankali ta faɗaɗa har ta haura eka 3,600. Masaƙar ɓangare ɗaya ce kawai ta wannan gona, domin akwai injin niƙan hatsi, da injin yankan katako, da wurin gasa bulo inda aka yi bulon da aka gina masaƙar da shi, ga kuma kiwo da noma. Kusa da wurin akwai makaranta mai kusurwa takwas da aka gina a 1856, da majami'ar da aka gina a 1871, kuma dukansu suna tsaye. Wannan tsari na gona mai sana'o'i da yawa yana da hannu a yadda masaƙar ta rayu, kuma yana da hannu a yadda injinanta suka tsira daga baya.

Me ya sa mutum zai kafa masaƙa a ƙauye, nesa da tashar jiragen ruwa da manyan kasuwanni? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin auduga da ulu a tattalin arzikin Amurka na lokacin. Auduga ana nomanta a kudu, a tattara ta cikin manyan dila, a kai wa manyan masaƙu irin na birnin Lowell a Massachusetts, don haka tun da wuri sana'arta ta zama ta masu babban jari. Ulu kuwa kusan kowane manomi yana da 'yan tumakinsa, kuma a ƙasar da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara, bargo da rigar ulu larura ce ta kowane gida. Tumakinmu na nan, irin su 'yankasa da uda da balami, gashinsu gajere ne mai kauri da ba ya kaɗuwa, shi ya sa sana'ar ba ta yi ƙarfi a wurinmu ba. Tumakin Turai kuwa, musamman nau'in merino na ƙasar Sifen, suna fitar da gashi mai laushi mai lanƙwasa wanda ake askewa duk shekara. Tsakanin 1809 da 1811 wakilin Amurka a birnin Lisbon, William Jarvis, ya aika da dubban tumakin merino gida, abin da ya inganta ulun ƙasar ƙwarai. Ita kuma fasahar daga Ingila ta zo, duk da cewa dokar Birtaniya ta hana fitar da injinan masaƙa har zuwa 1843. 'Yan'uwa biyu, John da Arthur Scholfield, sun baro yankin Yorkshire a 1793, suka ƙera injin shiɓar ulu a Massachusetts, kuma cikin 'yan shekaru ƙananan wuraren shiɓa suka bazu a ƙauyuka. Manomi zai kawo ulunsa a shiɓe masa, matan gidansa su kaɗa su saƙa, sannan ya mai da tufar a kirɓa masa. Masaƙu irin ta Watkins mataki ne na gaba a wannan hanya: sun haɗa dukan ayyukan a gini ɗaya, amma ba su rabu da manoman da ke kewaye da su ba, waɗanda ke kawo ulu su karɓi kuɗi, ko su musanya da zare da tufa.

Aikin yana farawa ne da hannu. Gashin tunkiya ɗaya ba iri ɗaya ba ne, na kafaɗa da gefen jiki ya fi na ciki da ƙafafu kyau, don haka sai mai ido ya ware shi daraja-daraja. Daga nan a wanke, domin ɗanyen ulu cike yake da maiƙo da gumi da ƙasa, har mai laushin cikinsa yakan rasa kusan rabin nauyinsa a wanki, kuma wannan ne ya sa sayen ulu ya zama sana'ar da mai gaggawa ke asara a cikinta. Idan za a rina, sau da yawa a wannan mataki ake rinawa kafin a kaɗa. Bayan ya bushe sai a zuba shi a wani inji mai haƙoran ƙarfe da ke yayyaga dunƙulensa yana kakkaɓe datti, sannan a yayyafa masa mai, galibi man kitse, don kada gashin ya kakkarye a mataki na gaba.

Matakin na gaba shi ne shiɓa, kuma shi ne zuciyar masaƙar, har ma girman masaƙar ulu a Amurka da yawan jerin injinan shiɓarta ake auna shi. Kowane inji yana da babbar ganga mai juyawa wadda aka lulluɓe da fata, aka cusa wa fatar dubban ƙananan wayoyi masu lanƙwasa, sannan a kewayenta akwai ƙananan ganguna masu irin waɗannan wayoyi da ke juyawa da gudu daban-daban. Ulun yana wucewa tsakaninsu, wannan ta ɗauka waccan ta karɓe, har gashin ya warware ya zama shimfiɗa siririya mai kama da hazo. Jeri ɗaya yakan ƙunshi injina uku, biyu na farko suna warwarewa suna gauraya launi, na ƙarshe yana raba shimfiɗar zuwa igiyoyi masu taushi da ba a murɗa ba tukuna. Wannan rabawa ta ƙarshe ita ce babbar gudummawar Amurka ga sana'ar. Kafin 1826, injin shiɓa gajerun igiyoyi yake fitarwa, sai yara su tsaya yini guda suna haɗa su da hannu ɗaya bayan ɗaya a wani inji na tsakani. A wannan shekara John Goulding na Massachusetts ya yi rajistar na'urar da ke fitar da igiya doguwa marar yankewa, tana naɗe ta a kan dogon gungume da za a ɗauka kai tsaye zuwa injin kaɗi. Da wannan aka soke inji guda da aikin yara masu yawa, zaren kuma ya fi daidaita, tun da babu gaɓoɓin haɗi a jikinsa. Ba don wannan na'ura ba, da wuya masaƙar ƙauye mai ma'aikata 'yan kaɗan ta iya tsayawa da ƙafarta.

Injin kaɗin da ke masaƙar Watkins, wanda ake kira jak, shi ne a ganina abin da ya fi cancanta a tsaya a kalla, domin yana tsakiyar hanya tsakanin aikin hannu da aikin inji. Wanda ya taɓa ganin mace tana kaɗi da mazari ya san aikin kashi uku ne da ke bin juna: a ja, a murɗa, a naɗe. Jak yana yin waɗannan ukun ne a kan mazarai kimanin 200 a lokaci guda. Mazaran suna jere a kan wata doguwar keke mai tafiya a kan dogo. Idan keken ta ja baya tana miƙe igiyoyin ulun yayin da mazaran ke juyawa suna murɗa su, kuma inda igiyar ta fi kauri nan ne ta fi miƙewa, domin murɗin yakan fara kama siraran wurare ya ƙarfafa su, ta haka zaren ke daidaita kansa. Ƙarfin tururi ne ke juya mazaran, amma komawar keken da naɗe zaren aikin mutum ne. Makaɗin zai sassauta zaren daga kan mazaran, ya saukar da wata doguwar waya da ke shiryar da shi, sannan ya tura keken ciki yana juya ƙafar naɗi da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma yana sarrafa wayar don zaren ya naɗu da siffar da ake so. Idan ya yi sauri zare ya tsinke a wurare da yawa, idan ya yi sanyi ya sake ya cukurkuɗe. Haka zai yi ta yi daga safe har yamma, shi ya sa aikin ya zama na ƙarfafan maza masu gwaninta, kuma suna cikin waɗanda suka fi kowa albashi a irin waɗannan masaƙu. A Ingila Richard Roberts ya riga ya ƙera injin kaɗi mai sarrafa kansa tun tsakanin 1825 da 1830, amma ya fi dacewa da auduga, kuma sai a shekarun 1870 irinsa ya mamaye masaƙun ulu na Amurka. Duk masaƙar da ta sami hali ta fitar da tsoffin jak ɗinta ta sayar wa masu narka ƙarfe. Watkins da 'ya'yansa ba su yi haka ba.

Saƙar kanta ba ta da wani sirri mai yawa ga wanda ya san wadari da allera da ƙoshiya, sai dai a nan inji ne ke jefa ƙoshiyar. Akwai injinan saƙa masu faɗi na barguna, da matsattsu na tufa, da kuma masu fitar da zane, waɗanda asalinsu ke komawa ga ƙirar da William Crompton ya yi wa rajista a 1837, inda wata sarƙa mai ƙusoshi ke tsara allerar da za ta ɗaga a kowace jifa. Abin da ya bambanta ulu da auduga yana zuwa ne bayan an sauke tufar. Tufar ulu da ta fito daga saƙa sako-sako take, mai maiƙo, ba ta sawuwa. Sai an kirɓa ta cikin ruwan sabulu mai ɗumi na sa'o'i, domin kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa da ke sarƙewa da na kusa da shi idan aka haɗa masa danshi da zafi da matsi, har tufar ta tsuke ta yi kauri, wani lokaci ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗinta. Sannan a tayar da gashinta da busassun kawunan wani tsiro mai ƙayoyi masu ƙugiya, waɗanda aka daɗe ana fifita su a kan wayar ƙarfe saboda idan suka ci karo da ƙulli su ne ke karyewa ba tufar ba. A ƙarshe a bi ta da injin aski ya daidaita tsawon gashin, a matse ta, a naɗe.

Duk waɗannan injina inji ɗaya ne ke juya su, wato injin tururi mai ƙarfin doki kimanin 60, wanda aka samo daga wani jirgin ruwa na kogi, ana hura tukunyarsa da itace. Daga gare shi bel na fata yana juya dogayen sandunan ƙarfe da ke rataye a rufin kowane hawa, daga sandunan kuma ƙananan bel suna saukowa kan kowane inji. Wannan tsari ne ya tilasta ginin ya zama dogo mai hawa-hawa maimakon shimfiɗaɗɗe, tun da kowane ƙarin tsawon sanda asarar ƙarfi ne, kuma ya zama mai tagogi da yawa, tun da kunna fitila a ɗakin da ke cike da ƙurar ulu da katako mai maiƙo kasada ce. Gobara ta cinye masaƙu masu yawan gaske a wancan zamani. Kimanin mutum 40 ne ke aiki idan masaƙar tana kan ganiyarta, yawancinsu maza, da mata a wajen saƙa, da kuma yara 'yan kaɗan.

Shekarun farko sun zo wa masaƙar da kyau ta fuskar kasuwa, domin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya katse audugar kudu, sojoji kuma suna bukatar kaki da barguna na ulu, ko da yake yammacin Missouri ya sha fama da hare-haren 'yan sari-ka-noƙe a lokacin. Zuwa 1870 Amurka tana da masaƙun ulu fiye da 2,000, mafi yawansu ƙanana. Amma abin da ke kare su shi ne nisa da tsadar sufuri, kuma jirgin ƙasa ya rushe wannan kariya. Da layin dogo ya ratsa ƙauyuka, tufar manyan masaƙun gabas ta iso da araha, shi ma ulun manomi ya sami hanyar zuwa kasuwa mai nisa. Keken ɗinki ya haifar da sana'ar tufafin kanti, kamfanoni irin su Montgomery Ward, wanda aka kafa a Chicago a 1872, suka fara sayar wa manomi kaya daga nesa ta hanyar oda ta wasiƙa, sannan yayi ya koma kan wata tufar ulu mai santsi da ake yi da dogon gashi da aka taje, wadda ke bukatar injina na daban masu tsada. Watkins ya rasu a 1884. Daga 1886 aiki ya soma ja da baya, saƙar tufa ta tsaya aka koma kan zare, kuma kafin ƙarnin ya ƙare aka rufe ƙofa.

A nan ne al'amarin ya zama abin nazari, domin dalilan da suka kashe masaƙar su ne kusan dalilan da suka adana ta. Da ta sami riba mai yawa da an sabunta injinan, da babu jak ko ɗaya da zai rage. Da a birni take, da wani ya sayi ginin ya kwashe kayan ya zuba wata sana'a. Da a kanta kaɗai iyalin suka dogara, da masu bin bashi sun yi gwanjon kome da kome. Amma tana tsakiyar gonar da ke ci gaba da ciyar da masu ita, babu wanda ke bukatar ginin, don haka aka kulle shi aka bar shi, har ya tsallake gangamin tara tsohon ƙarfe na yaƙe-yaƙen duniya biyu. Sai dai sakaci kaɗai ba ya adana abu har abada. Gonar ta fita daga hannun iyalin a 1945, kuma a 1958 aka sa kayan a gwanjo. Wasu 'yan tsirarun mutane da suka gane darajar abin da ke gabansu ne suka sayi injinan, suka kafa ƙungiya don kare wurin. A 1963 masu jefa ƙuri'a na gundumar Clay suka amince a ci bashi da sunansu a sayi filin, a 1964 jihar Missouri ta karɓe shi, a 1966 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa, sannan a 1980 ƙungiyar injiniyoyin injina ta Amurka ta ba shi irin wannan matsayi a fagenta. Abin da ya fi burge ni a wannan jeri shi ne ƙuri'ar 1963, domin talakawan gunduma ne suka yarda su ɗauki nauyin wani tsohon gini da ba zai ƙara saƙa musu ko taƙi ɗaya ba.

Adanawar ma tana da nata rikici, kuma masana ba su yi ittifaƙi a kansa ba. Wasu suna ganin injin da ba ya motsi rabin labari yake bayarwa, kuma gwanintar sarrafa shi ba ta rayuwa a takarda sai a hannu. Wannan ra'ayi ne ake bi a gidan tarihin ulu na ƙasar Wales da ke Dre-fach Felindre, inda ake tayar da tsofaffin injina a gaban baƙi, da kuma masaƙar Knockando a Sikotilan, wadda aka gyara ta ci gaba da saƙa. Wasu kuma suna cewa duk injin da ke juyawa yana cin kansa: haƙori zai gutsure, fata za ta tsage, wayoyin shiɓa za su dakushe, a yi ta sauya ɓangare bayan ɓangare har a wayi gari abin da ke gabanka ba shi ne na asali ba. Ga wuri kamar Watkins, inda ba a da na biyunsa, ina ganin ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi, tun da ana iya koyon juya inji a wani wuri ko a kan kwafinsa, amma alamar da hannun ma'aikaci ya bari a jikin katako, da facin da wani makaniki ya yi a 1870, idan suka tafi ba sa dawowa. Duk da haka zaɓin yana da farashi, kuma ya kamata a faɗe shi. Baƙon da ya shiga ɗaki mai tsabta da shiru zai iya fita da tunanin cewa aikin mai daɗi ne, alhali ƙarar injinan saƙa tana kurmantar da mutum a hankali, ƙura tana shiga ƙirji, bel marar murfi yana fizgar hannu, kuma yara suna cikin masu wannan aiki. Nauyin masu yi wa baƙi bayani ne su mai da wa ɗakin waɗannan abubuwa da baki, tun da injinan ba za su nuna su ba. Ko a tsaye ma, inji mai haɗin katako da ƙarfe da fata yana bukatar kulawa kullum, domin danshin da fata ke so shi ne ke sa ƙarfe tsatsa, bushewar da ƙarfe ke so kuma ita ce ke tsaga katako.

Wannan tambaya ta abin da za a yi da matacciyar masaƙa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san unguwar masaƙu ta Kakuri a Kaduna. Masaƙar auduga ta Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta kuma tsaya a 2002, wasu maƙwabtanta suka bi bayanta cikin 'yan shekaru. Maganar da ake yi a kansu ta farfaɗowa ce da ta haƙƙoƙin ma'aikata, kuma waɗannan su suka fi gaggawa, babu shakka. Amma ko an farfaɗo da su, sababbin injina za a kawo, tsofaffin kuma hanyarsu ɗaya ce, wato wurin masu sayen ƙarfe da kilo. Ware layi guda cikakke daga cikin abin da ya rage, tun daga injin da ke buɗe dilar auduga har zuwa na gama tufa, a bar shi a zaurensa tare da takardun kamfanin, ba zai ci kuɗin da farfaɗowa za ta ci ba, kuma Kaduna tana da abin da Missouri ba ta da shi a 1958: da yawa daga cikin mutanen da suka juya waɗannan injina suna raye, ana iya zama da su a gaban kowane inji a naɗi bayaninsu.